Ƙwaro Ba Ya Tsayawa a Bakin Iyaka: Abin da Zariya Ta Gani Daga Sharon Zuwa Tsutsar Masara

A watan Mayun 2016, ana saura 'yan makonni a ɗauki azumi, miyar tumatir ta gagari gidaje da dama a birnin Zariya. Kwandon da 'yan gwari suka saba sayarwa tsakanin naira 300 da 1,500 idan kaya sun yi yawa, sai da ya kai naira 42,000 a wasu kasuwannin Arewa. Daga Kwarbai zuwa Limancin Kona, uwayen gida suka koma ga kauɗa da tumatirin gwangwani, wasu kuma suka haƙura da jar miya suka rungumi kuka da kuɓewa. A fadamun Galma da lambunan Soba da Hunkuyi da Maƙarfi da Ikara kuwa, manomi kan bar gonarsa kore shar, ya dawo bayan 'yan kwanaki ya tarar ganye ya ƙone, 'ya'yan tumatir sun huhhuje suna ruɓewa.

Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Kwamishinan aikin gona na lokacin, Manzo Daniel Maigari, ya bayyana cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na gonakin tumatir na jihar sun lalace, kuma manoma sama da 200 sun yi asarar da ta haura naira biliyan ɗaya. Ministan aikin gona na lokacin, Audu Ogbeh, ya lissafa jihohi shida da annobar ta taɓa: Kaduna, Kano, Katsina, Jigawa, Filato da Legas. Masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa a Jihar Kano, wadda ba ta daɗe da fara aiki ba, ta tsaya saboda rashin abin niƙawa.

Abin da ya yi wannan ɓarna ɗan ƙaramin ƙwaro ne da bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba. Masana suna kiransa Tuta absoluta, manoma suna ce masa sharon, jaridu kuma suka laƙaba masa Ebolar tumatir. Abin da ya fi ciwo a labarinsa shi ne bai zo a ɓoye ba. Ya yi shekara tara yana tahowa daga Turai, ƙasa bayan ƙasa, masana suna rubuta kowane zangonsa, amma labarin bai isa kunnen mai lambu a bakin Galma ba sai da ƙwaron ya riga ya shiga gonarsa.

Doguwar tafiyar sharon

Asalin sharon Kudancin Amurka ne, kuma a ƙasar Peru aka fara rubuta bayaninsa a 1917. A ƙarshen 2006 ya ɓulla a gabashin Sifaniya. Zuwa 2008 ya tsallaka teku ya shiga Maroko da Aljeriya da Tunisiya. A farkon shekarun 2010 aka tabbatar da shi a Sudan da Senegal da Jamhuriyar Nijar, sannan a 2015 aka tabbatar da shi a Najeriya.

Halittarsa ce ta sa ya yi wuyar yaƙi. Uwar dangin malam-buɗe-littafi ce mai yawon dare, kuma takan saka ƙwai har 260. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe ba ta zama a bayan ganye, sai ta huda ta shige tsakiyarsa tana ci daga ciki, inda feshi ba ya iske ta sosai. A ƙasa mai zafi irin tamu, cikin wata ɗaya ƙwai ya zama uwa, don haka a shekara ana iya samun zuriya 10 zuwa 12. Idan manomi ya dage da magani iri ɗaya, ba a jimawa ƙwaron ya saba da shi. Ga shi kuma ba tumatir kaɗai yake ci ba, yana raɓewa a dankalin Turawa da gauta da wasu ciyayi danginsu har wani noman rani ya zagayo. Iska tana ɗaukarsa, amma babbar motarsa ita ce ciniki: 'ya'yan tumatir, dashen reno, da kwandunan da ake sauke kaya a mayar da su lambu ba tare da an tsabtace ba. Shi ya sa bai tafi ba. A 2023 ya sake yi wa manoman Kano da Kaduna da Katsina mummunar ɓarna.

A shekarar da sharon ya tayar da hankali, wani baƙon ma ya sauka. A watan Janairun 2016 aka fara ganin wata sabuwar tsutsar masara a kudu maso yammacin Najeriya, kuma masanan cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, suka tabbatar cewa Spodoptera frugiperda ce, 'yar asalin nahiyar Amurka. Uwarta tana iya tafiyar kilomita 100 a dare ɗaya, tana saka ƙwai kusan 1,000, tsutsar kuma tana lafewa a tsakiyar kan masara tana cinye sabon ganye. Cikin shekara biyu ta game ƙasashen Afirka fiye da 40. Ta isa Indiya a 2018, Sin a 2019, Ostireliya a 2020. Cibiyar CABI ta ƙiyasta a 2017 cewa idan ba a ɗauki mataki ba, ƙasashen Afirka 12 masu noman masara za su iya rasa tan miliyan 8.3 zuwa 20.6 a kowace shekara. Ga jiha irin Kaduna, wadda kasuwannin Saminaka da Giwa suke ciyar da masana'antun abincin kaji na ƙasar nan, wannan magana ce ta rumbu da aljihu.

Zariya, mararrabar hanyoyi

Ba abin mamaki ba ne irin waɗannan baƙi su iske Zariya da wuri. Garin yana kan babbar hanyar Kano zuwa Kaduna, ga hanyar Funtuwa da Gusau da Sakkwato, ga ta Pambeguwa zuwa Jos. Wanda ya tsaya a Kwangila zai ga motocin albasa da wake da tattasai da dabbobi, wasu daga Illela da Jibiya suka taso, suna gangarawa Kudu. Jirgin ƙasa ya iso tun 1911, kuma a bayansa aka kawo irin audugar Amurka da ya sauya noman yankin. Masara da gyaɗa da rogo da barkono da shi kansa tumatir duk daga nahiyar Amurka suka zo mana a ƙarnonin baya. Amfanin ya riga isowa, yanzu kuma jiragen sama da na ruwa suna kawo abokan gabarsa da ya baro a gida, ba tare da ƙwarin da suke cinye su a can ba.

Magabatan Zazzau sun san cewa gari mai ciniki yana buƙatar tsari a mashigarsa. Ganuwar birni ba don a hana fatake shiga aka gina ta ba. An bar mata ƙofofi irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Kona, kowacce da mai tsaronta da yake lura da wanda ya shigo da abin da ya ɗauko. Aikin jami'in duba lafiyar tsirrai a Jibiya ko a tashar jirgin ruwa ta Apapa ke nan a yau: ya bar ciniki ya wuce, ya tare cutar da ta biyo shi.

Yankin nan ya taɓa ganin abin da annobar shuka take yi wa arzikin ƙasa. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙwaron darɓa yake yaɗawa, ta lalata kusan hekta 700,000 a Arewacin Najeriya, asarar da aka ƙiyasta ta kai dala miliyan 250. Ta zo ne a bayan farin farkon shekarun 1970, a lokacin da hankalin hukuma ya koma kan man fetur, kuma dalar gyaɗar Kano ba ta sake tashi ba. Sai bayan shekaru masu yawa na bincike Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, IAR, tare da cibiyar ICRISAT, ta fitar da nau'o'in SAMNUT masu jure cutar.

Dokoki suna nan a rubuce

Duniya ba ta rasa yarjejeniya a kan wannan matsala ba. Tun 1951 aka ƙulla Yarjejeniyar Kare Tsirrai ta Duniya a ƙarƙashin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, kuma Najeriya da Nijar duk suna cikinta. Ginshiƙanta uku ne. Kowace ƙasa ta kafa hukumar da za ta kula da lafiyar tsirrai. Kayan gona da za su tsallaka iyaka su tafi da takardar shaidar cewa an duba su. Ƙasar da ta ga sabon ƙwaro kuma ta sanar da sauran ƙasashe, musamman maƙwabtanta. A 1995 Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta ƙara da cewa ƙasa tana da 'yancin hana kaya shiga don kare amfaninta, da sharaɗin ta dogara da hujjar kimiyya, kada ta fake da ƙwaro don ta toshe kasuwa.

Tarayyar Afirka tana da majalisar kula da lafiyar tsirrai mai mazauni a Yawunde. ECOWAS ta zartar da ƙa'idoji na bai ɗaya a kan irin shuka da magungunan ƙwari a watan Mayun 2008, ta ƙara da na lafiyar tsirrai da dabbobi da abinci a 2010. A Najeriya hukumar NAQS ce take riƙe da wannan amana a filayen jiragen sama da tashoshin ruwa da kan iyakoki. FAO ta ce ƙwari da cututtuka suna cinye har kashi 40 cikin 100 na amfanin gonar duniya a kowace shekara, shi ya sa aka keɓe ranar 12 ga Mayu ta zama Ranar Lafiyar Tsirrai ta Duniya.

Matsalar ita ce an tsara waɗannan dokoki ne da kwantena da tashar jirgin ruwa a zuciya. Cinikinmu da Nijar ba haka yake tafiya ba. Iyakar ta kai kusan kilomita 1,500, kuma mashigan hukuma 'yan kaɗan ne, irin su Kamba da Illela da Jibiya da Kwangwalam da Maigatari. A tsakaninsu akwai hanyoyin babur da amalanke da jaki marasa iyaka. Mutanen ɓangarorin biyu 'yan uwa ne, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, ana auratayya. Buhun iri da aka kai wa suruki a Madarumfa ko kwandon dashen da aka sayo a kasuwar ƙauye ba ya bi ta gaban wani jami'i.

Inda ake rufe mana ƙofa

Rauni a wannan fanni yana cutar da mu ta fuska biyu. Ƙwaron waje yana shigo mana, kayanmu kuma ana hana su shiga kasuwannin waje.

A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya. Dalili shi ne sinadarin dichlorvos, wanda aka fi sani da fiya-fiya, da wasu 'yan kasuwa suke zubawa a buhu don kada wake ya yi ƙwari. Ƙa'idar Turai ba ta yarda ya wuce miligiram 0.01 a kilo ɗaya ba, amma an samu waken da ya kai miligiram 4.6. An yi ta sabunta takunkumin. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar tana biye mata, kuma wake mai yawa yana shigowa daga Maraɗi da Damagaram zuwa kasuwar Dawanau ya cakuɗa da na gida. Don haka babu yadda za a yi ƙasa ɗaya ta gyara sunan wakenta ita kaɗai. Abin da ya fi asarar kasuwa muni kuwa shi ne waken da Turawa suka ƙi, irinsa ne ake dafa wa 'ya'yanmu ƙosai da alala. Mafita tana nan kusa: buhun PICS mai ruɓi uku, wanda yake toshe iska ƙwari su mutu ba tare da magani ba, an daɗe ana yin sa a Kano.

Zoɓorodo ma ya sha irin wannan. A cikin wata tara na 2017, Najeriya ta aika kwantena 1,983 zuwa Meziko, cinikin da ya kai dala miliyan 35. Daga baya jami'an Meziko suka samu ƙwaron rumbu da ake kira khapra a cikin wasu kaya, suka rufe ƙofa. Manoman Jigawa da Kano da Katsina suka ɗanɗana kuɗarsu. Sai a 2022 aka samu daidaito, bayan NAQS da takwararta ta Meziko sun zauna sun amince da yadda za a riƙa turara kayan da duba su kafin a ɗora. Wannan misali ne mai kyau: abin da ya buɗe kasuwar shi ne zaman jami'an ƙasashe biyu a kan tsari ɗaya da kowa ya yarda da shi.

Siyasa ta raba, ƙwari ba su rabu ba

A 'yan shekarun nan hanyar magana tsakanin Abuja da Yamai ta yi ta tsukewa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar an sake rufewa, har zuwa Maris na 2024. A ranar 29 ga Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Rufe mashigar hukuma ba ya tsayar da kaya, sai dai ya tura su ɓarauniyar hanya, inda babu mai buɗe buhu balle ya duba.

Haka magungunan feshi suke yawo. Ƙasashen ƙungiyar yaƙi da fari ta Sahel, CILSS, suna da kwamiti ɗaya a Bamako da yake tantance magungunan ƙwari tun 1994, kuma rajistarsa tana aiki a ƙasashen da suke cikin tsarin. Nijar tana ciki, Najeriya ba ta ciki, NAFDAC ce take yi mata nata rajistar. Sakamakon haka maganin da aka hana a wannan gefe ana iya samunsa a tebur a wancan gefe, wani ma jabu ne ko wanda ya gama aiki. Manomin da ya fesa irin wannan ya yi asarar kuɗi, ya shaƙi guba, ya kuma koya wa ƙwaro jure magani. Ƙwaron da ya ƙware a lambun Maraɗi kuwa, baɗi yana iya kwana a lambun Hunkuyi.

Duk da haka ba dukkan ƙofofi ne suka rufe ba. Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971 ba a ƙarƙashin ECOWAS take ba. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda take bin diddigin yanayi da fari da halin amfanin gona tun 1974, tana aiki da ƙasashen yankin har da Najeriya. Yaƙi da fara da tsuntsayen jan baki ya daɗe da koya wa ƙasashen biyu cewa wanda ya yi feshi shi kaɗai aikin baban giwa ya yi.

Inda haɗin kai ya yi rana

Akwai shaidar cewa ana cin nasara idan an haɗa hannu. A 1973 aka gano wani farin ƙwaron rogo a yankin Kwango, wanda ya biyo sandunan rogo daga Kudancin Amurka. Ya bazu a nahiyar yana cinye har kashi 80 cikin 100 na amfani a wasu wurare. Masanin IITA Hans Herren da abokan aikinsa na cibiyar CIAT suka bi sawunsa har Paraguwai, inda aka samo ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro da yake saka ƙwai a jikinsa ya kashe shi. Aka killace shi a Ingila aka tabbatar ba zai zama wata fitinar ba, aka sake shi a Ibadan a 1981, daga nan aka raba shi ga ƙasashe fiye da 20. Rogon Afirka ya tsira ba tare da manomi ya sayi ko kwalba ɗaya ta magani ba, kuma Herren ya samu Lambar Yabo ta Abinci ta Duniya a 1995.

Kusa da mu, masanan cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, INRAN, da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi sun yi shekaru suna yaƙar tsutsar zangarniyar gero da irin wannan dabara. Suna kiwon ƙwaron Habrobracon hebetor, su sa shi a 'yan jakunkunan algarara, a rataye a ƙauyuka ya fita ya farauci tsutsar. Geron Daura da Gumel da Illela irin na Maraɗi ne, ƙwaronsa ma ɗaya ne.

Ita ma Zariya tana da abin bayarwa. Samaru ta fara aikin binciken noma tun 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 2019 ta fitar da wake SAMPEA 20-T mai jure tsutsar furen wake, aikin da Farfesa Mohammad Faguji Ishiyaku ya jagoranta. A Janairun 2024 aka amince da nau'o'in masara huɗu, SAMMAZ 72T zuwa 75T, waɗanda aka tsara don jure tsutsar masara da ƙarancin ruwa. Dukkansu an sauya musu ƙwayoyin halitta, kuma akwai ƙungiyoyi da masana da suke da ja a kan haka, muhawarar da ta cancanci a yi ta a fili da hujja. Ko wane ɓangare mutum ya tsaya, abu ɗaya a bayyane yake: irin da ya shiga hannun manoman Katsina zai tsallaka Maraɗi, don haka wajibi ne hukumomin ƙasashen biyu su san abin da juna suka amince da shi. A nan Samaru kuma cibiyar NAERLS take, wadda aikinta shi ne isar da sakamakon bincike ga malaman gona da manoma, da Hausa, ta rediyo da ƙasidu da wayar tarho.

Abin da ya kamata a yi

Babu mai iya yi wa iska shinge, amma ana iya sa labarin ƙwaro ya riga ƙwaron isowa. Da a ce tun ranar da aka tabbatar da sharon a Nijar an kafa tarkunan gwaji a Kadawa da Galma, an nuna wa malaman gona hotonsa, an yi shela a rediyo cewa a tsabtace kwanduna, a ƙone ragowar gona, a riƙa sauya magani, da asarar 2016 ba ta kai yadda ta kai ba.

Saboda haka muna kira ga gwamnatocin Najeriya da Nijar da su ware lafiyar tsirrai daga saɓanin siyasa. A ba NAQS da hukumar kare tsirrai ta Nijar damar musayar rahoto kai tsaye a kowace damina da kowane rani. A sa ƙwararru da kayan gwaji a Jibiya da Illela da Maigatari, aikinsu ya zama duba kaya da wayar da kai, kada ya zama ƙarin shingen karɓar kuɗi. A haɗa Samaru da INRAN ta Maraɗi a aiki ɗaya a kan wake da gero da tumatir. A daidaita jerin magungunan da aka hana, yadda abin da ya haramta a Yamai ba zai halatta a Kano ba. Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka da ta fara aiki a Janairun 2021 za ta ƙara yawan kayan da suke tsallaka iyaka, don haka buƙatar wannan tsari ƙaruwa za ta yi.

Masarautar Zazzau da hakimanta da dagatanta da sarakunan noma suna da rawar takawa, domin maganarsu tana isa inda takardar ofis ba ta zuwa. Shugabannin 'yan gwari da dillalan hatsi su hana zuba fiya-fiya a abinci a kasuwanninsu. Kai kuma manomi, ka san inda ka sayo irinka da dashenka, kada ka mayar da kwandon kasuwa lambu ba ka tsabtace shi ba. Idan ka ga ƙwaro ko cutar da ba ka saba gani ba, ka sa samfurinta a leda ka kai wa malamin gona ko ka kai Samaru a ranar, kafin ka sayi magani. Rigakafi ya fi magani, kuma rahoton manomi ɗaya da ya zo a kan lokaci yana iya ceton noman jiha guda.